Ranar da zoɓo ya shiga ajina

Shekarata ta farko ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a yankin Ringim, ban san komai ba sai allo da alli. In rubuta ma'anar asid da alkali da Turanci, 'yan aji ɗaya su kwafe, su rera mini kamar karatun allo. Hadda kam tsaf. Amma ce musu su kawo misali ɗaya daga gida, sai aji ya yi tsit. Ɗakin gwaji babu, takardar litmas (wadda ke canza launi ta nuna asid ko alkali) da littafi ke ta ambata kuwa ni ma rabona da ita tun ina kwaleji.

Wata ranar kasuwa na sayo zoɓo, na jiƙa, na tace, na zuba a kofuna uku. Na matsa lemon tsami a na farko, ya ƙara yin jawur. Na biyu na jefa masa 'yar kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, kore-kore. Na uku na bar shi don kwatanci. Aji ya kaure da hayaniya. Sai wata yarinya can baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu: "Malam, ai haka Inna take yi. In miyar yakuwa ta yi tsami, sai ta ɗan sa kanwa." Na yi sororo. Abin da na shafe mako biyu ina fama in cusa musu, wato alkali irin su kanwa na kashe kaifin asid irin na tsami, yarinyar nan kullum tana ganinsa a gindin murhu. Ga shi yakuwar da zoɓon ma tsiro ɗaya ne.

Tun daga nan sai na fara tambaya kafin in taɓa alli. Da muka zo kan yadda ruwa ke zama tururi ya tafi da zafi, randa na fara kawowa: me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi? Na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin da ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don sanyaya kayan lambu a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Muka haɗa tamu, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ana tsakiyar bazara, tumatirin ciki ya daɗe garau bayan na kan taga ya yamutse.

Turancin dai ba a tsallake shi, tunda da shi za su rubuta jarrabawar aji uku. Sai dai yanzu sunan yana zuwa ne bayan ido ya gani. Kuma na daina juya wa kofunan baya, domin ranar farko kafin in gama rubutu wani ja'irin yaro ya shanye mai lemon tsamin.