Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Likitan Haƙori Ya Gani a Ƙarƙashin Harshena

A makon jiya mun tsaya a inda ciwon haƙori ya hana ni runtsawa, har 'yata ta tasa ni gaba zuwa wajen likita. Maganar haƙorin ba ta da tsawo: rami ne, aka cike shi. Ina shirin tashi sai ya ce, "Baba, ɗan ɗaga harshenka ya taɓa ganɗa." Ya haska fitila, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Yaushe rabon da a auna maka jini?"

Na ce masa ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Sai ya miƙo mini madubi. Wasu jijiyoyi ne shuɗaye, sun kumbura ta gefe biyu, sun yi ƙulli-ƙulli kamar saiwar itace. Gabana ya faɗi, don ciwon daji na fara kawowa a rai.

Ya ce in kwantar da hankalina. Jijiyoyi ne masu mayar da jini zuwa zuciya, kuma da yake fatar wurin ba ta da kauri, da zarar sun buɗe sai su bayyana. Yawan shekaru na sa bangonsu ya saki, masu shan taba kuma sun fi samunsu. Ba sa ciwo, ba a yi musu aiki. Abin da ya sa ya tambaye ni, in ji shi, a 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a Suwidin kan mutanen da suka haura shekara 40 masu zuwa ganin likitan haƙori, aka ga masu irin wannan kumburi sun fi yawan kasancewa da hawan jini.

Ga masu yaɗa bidiyo suna cewa kowa ya leƙa harshensa ya san matsayinsa, likitan nan bai ce ina da hawan jini ba. Tsofaffi da yawa na da jijiyoyin nan alhali jininsu daidai yake, wani kuma harshensa sumul amma jininsa ya yi sama. Tsufa kaɗai na iya kawo duka biyun. Na'urar auna hawan jini ce ke raba gardama.

Aka ɗaura mini ita a damtse, ta matse, ta saki: 158 bisa 96. 'Yata ta zaro ido. Ya ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, don zafin ciwo da fargabar kujerarsa kan ɗaga jini, in je asibiti a maimaita a ranaku daban-daban. Duk awon da aka yi bai sauko ƙasa da 140 bisa 90 ba, wanda daga nan ake kiransa hawan jini. Likitar can ta ce shekaru yake yi yana cin ƙoda da zuciya da idanu, mutum na yawonsa bai sani ba. Ta rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji rigimar da muka sha da ƙanena, wanda ya rantse cewa duk wanda ya fara shan ƙwayar nan ya zama bawanta.