Kujerar Baƙo a Ɗakin Tuƙi

Talata da daddare, a ɗakin otal

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Indiyanafolis, alhali aikina ba zai fara ba sai shida na yamma a filin jirgin Lagadiya da ke Niyok. Tafiyar ba ta fi awa biyu a sama ba, amma duk matuƙin jirgin sama irina da ya ajiye iyalinsa a wani gari, kamfani kuma ya ajiye sunansa a wani, ya san cewa awa biyun nan kan cinye yini sukutum. Yarjejeniyar ƙungiyarmu ta matuƙa da kamfani ta ce ba za a hukunta wanda ya makara ba muddin ya nuna cewa ya gwada jirage biyu da za su iya kai shi a kan lokaci. Ni uku nake warewa idan hunturu ya shigo, kuma yau sai da na bukaci ukun duka, domin dusar ƙanƙarar jiya ta sa an soke tashin jirage da dama, aka cusa fasinjojinsu cikin na yau.

Idan kujerun fasinja sun cika, abin da ya rage wa irinmu shi ne kujerar da muke kira jamsit, wato ’yar kujerar naɗewa da ke cikin ɗakin tuƙi a bayan matuƙa biyu. Jirgin farko, ƙirar Embraer 175 mai ɗaukar mutum 76, guda ɗaya tak gare shi. Na rubuta sunana da wuri, na koma gefe ina lissafin cewa na dace, sai ga wani dattijo da jakar hannu ya nuna wa ma’aikaciyar ƙofa katinsa. Sufeto ne na hukumar FAA mai kula da sufurin sama ta Amurka, ya zo duba aikin matuƙan. Ba wanda ya ce uffan, domin asali ma don irinsa aka kafa kujerar, kuma doka ta wajabta a ba shi ita idan yana bakin aiki. Mu masu zuwa wurin aiki aro muke yi.

Bayan sufeto da jami’an gwamnati irinsa, sai malamin kamfani da ya zo jarraba matuƙa, sannan matuƙan kamfanin da ya mallaki jirgin, sannan na kamfanonin da ke haɗin gwiwa da shi, baƙi na sauran kamfanoni kuma su zo a ƙarshe. Tsakanin ’yan gida, wasu kamfanoni suna bin daɗewa a aiki, wasu kuma suna bin wanda ya riga yin rajista. Tsakanin baƙi galibi wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. A saman wannan jeri duka akwai kyaftin ɗin jirgin, wanda ma’aikaciyar ƙofa ba ta iya yanke hukunci a madadinsa. Takardar da take bugo wa mutum izinin zuwa roƙo ce kawai.

A jirgi na biyu ne abin ya yi zafi. Mu huɗu muka taru a kan kujera ɗaya: wani matuƙin kamfanin, da ni, da wani saurayi da sabon yunifom, sai wani babban kyaftin na wani kamfani dabam wanda ya iso a ƙarshe. Ɗan gidan ya yi abin da ya kamata tun ba a roƙe shi ba. Da aka ga fasinja ɗaya bai zo ba, ya karɓi wannan kujerar ta baya da tikitin ma’aikata, ya bar mana ta ɗakin tuƙi, tun da shi yana da hanya biyu mu kuwa ɗaya. Shi kuwa babban kyaftin ya matsa gaban teburi ya ce wa ma’aikaciyar shi zai ɗauki kujerar, saboda shekarunsa talatin yana tuƙi. Matar ta amsa masa a natse cewa shekarunsa suna da daraja a kamfaninsa, amma a nan shi ne na uku a layi. Ya juya ya dube mu ko wani zai kauce masa, ba wanda ya motsa.

Na taso a inda ake tashi a ba babba wurin zama, kuma har yau jikina bai saba da ganin furfura a tsaye ba. Duk da haka ina ganin tsarin wanda ya riga zuwa ya fi adalci tsakanin baƙi, domin da shekaru ake bi, da sabon matuƙi, wanda shi ne ya fi kowa ƙarancin albashi da munin jadawali, ba zai taɓa isa wurin aiki ba. Abin da ya fi ɓata mini rai ma shi ne kalmar ɗauka da ya yi amfani da ita. Wanda ya je gidan mutane bai cewa zai ɗauki tabarma.

Na tambayi saurayin ƙarfe nawa zai kama aiki, ya ce ɗaya na rana. Watansa biyar ke nan a wani ƙaramin kamfani, yana cikin shekarar gwaji wadda a cikinta ƙungiya ba ta da ƙarfin kare mutum sosai, kuma wannan ne jirginsa na ƙarshe. Ba zan yi wa kaina ƙarya a cikin littafina ba: sai da na duba wayata na ga akwai Boeing 737 mai zuwa Nuwak, wani filin jirgi da ke kusa da Niyok, kafin azahar, babu sunan kowa a kujerarsa, kafin na ce wa ma’aikaciyar ta sa shi a gabana. Da babu wannan jirgin, da wuya in yi wannan karamcin. Na ga hannunsa yana rawa sa’ad da yake fito da takardunsa, sai na ce masa, “Ƙanena, ka riƙe su a buɗe tun kafin ka isa ƙofa, ka gaishe da kyaftin, ka faɗi sunanka da kamfaninka, sannan ka roƙa. Ko ya ga takardar ƙofa a hannunka, kai dai ka roƙa.”

Haka ni ma na yi bayan awa uku. Ma’aikacin ƙofa ya shigar da lambata cikin CASS, rumbun kwamfutar da ke nuna hoton matuƙi yana kuma tabbatar da cewa har yanzu yana bakin aikinsa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an hana baƙi zama a ɗakin tuƙi, kuma da wannan tsarin ne aka sake buɗe musu ƙofa. Na gaishe da shugabar ma’aikatan cikin jirgi, na miƙa mata ƙunshin cakulan da nake ajiyewa don irin wannan rana, na jira matuƙan suka gama karanta jerin binciken da ke gabansu, sannan na leƙa. “Kyaftin, barka da rana. Alfarma nake nema, ko za a rage mini hanya zuwa Nuwak?” Ta karɓi katin shaidata da lasin da takardar likita, ta karanta kowanne har da ranar ƙarewarsa, ta tambaye ni yaushe zan kama aiki da yadda na kwana.

Ban ji haushin tambayoyin ba. Tun abin da ya faru a watan Oktoban 2023, sa’ad da wani matuƙi da ke zaune a irin wannan kujera ya kai hannu zai kashe injinan jirgin Horizon Air har aka karkatar da shi zuwa Fotlan, kyaftin da yawa sun koma kallon idon baƙonsu kafin su ce to. Maganar barci kuwa tana da nata tarihin. Mataimakiyar matuƙin jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Bafalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, a jiragen kaya ta kwana tana tafiya daga Siyatil ta bi ta Mamfis zuwa Nuwak kafin ta kama aiki. Dokar hutu da ta fara aiki a 2014 ta tanadi awa 10 kafin a soma aiki, amma ba ta hana mutum ƙarar da su a hanya ba. An bar shi da sa hannun da zai yi cewa yana da ƙoshin tuƙi, wato an bar shi da amanarsa.

Kujerar 737 a bakin ƙofa ake shimfiɗa ta, bayanta a miƙe kamar allo, gwiwar mutum kuma tana gogar akwatin na’urorin da ke tsakiya. Kyaftin ta nuna mini takunkumin oksijin da tagar tsira, na kashe waya, na sa abin sauraro a kunne. Wanda ke wannan kujera ana lissafa shi cikin ma’aikatan jirgin, shi ya sa giya ta haramta gare shi ko da an mayar da shi cikin fasinjoji, wanda a wurina ba wani sabon takunkumi ba ne. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuma ba a hira, bisa dokar da aka kafa tun 1981, sai maganar da ta shafi tuƙi.

A nan wahalar baƙuntar take, domin ana so mutum ya yi shiru, ana kuma so ya yi magana idan ya ga abin da bai yi daidai ba. Muna gangarowa Nuwak mai ba da umarni daga ƙasa ya faɗi tsayin da za mu sauka, mataimakin kyaftin ya murɗa ƙafa 6,000 a na’ura, ni kuwa kunnena ya ji 7,000. Na yi jim na ɗan lokaci, ina tuna cewa ni ne wanda aka yi wa alfarma, sannan na ce, “Kyaftin, a gafarce ni, kamar dubu bakwai na ji.” Ba ta juyo ba, ta ce wa mataimakin ya sake tambaya. Aka amsa cewa 6,000 ne. Ni ne na ji ba daidai ba, kuma kunya ta rufe ni har muka taɓa ƙasa. Bayan an kashe injina na fara ba da haƙuri, ta katse ni ta ce da na yi shiru ne za ta ji haushina.

Na yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, na bi jirgin ƙasa zuwa tashar Pen da ke Manhatan a cikin Niyok, daga can na kama hanyar Lagadiya, na isa da saura awa ɗaya da rabi, abin da ya ishe ni in yi salla in ci abinci. Kafin in sa hannu na duba wayata na ga jirgin saurayin ya sauka tun kafin sha biyu. Ranar Juma’a zan koma gida, kuma sai na sayi wani cakulan a hanya, domin na yau shi ne na ƙarshe a jakata.