Bindigar da na zaɓa don farautar Alberta

A lardin Alberta da ke yammacin Kanada, da zarar watan Nuwamba ya kama sai ka ga wurin aiki ya rage mutane. Wannan ya ɗauki hutun mako guda, wancan ya ce sai Litinin ta sama, duk sun nufi daji. Kafin wata ya ƙare, hirar lokacin cin abinci ta koma wane ya samu, wane ya dawo hannu Rabbana. A shagon waldar da nake aiki a garin Red Deer, da yawa daga abokan aikina naman da iyalansu ke ci har bazara a wannan watan suke samo shi. Ni kuwa ina can ina sayen naman halal da tsadar da ke sa in rage wa yara yanka a miya. Abin da ya fara jan hankalina ke nan zuwa farauta.

Sai dai ga mutumin da ya taso a arewacin Najeriya, riƙe bindiga ba ƙaramar magana ba ce. Kakana maharbi ne a ƙasar Bauchi, da adakarsa da yake ɗura wa albarushi ta baki, kuma mutanen gari na girmama shi. Amma zamaninmu ya ga abin da bindiga ta yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Da na gaya wa mahaifiyata niyyata a waya, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Bindiga kuma, ɗan nan? Abin da ya raba mutane da gidajensu shi za ka kai ɗakin matarka?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a nan sai hukuma ta tantance mutum kafin ya taɓa ta, kuma a kulle take kwana." Ta ce Allah ya tsare. Ban ga laifinta ba, domin ni ma sai da na yi ta juya maganar a raina.

Tantancewar kuwa da gaske ce. Kafin ka sayi ko da harsashi ɗaya sai kana da lasisin mallakar bindiga da ake kira PAL, wanda 'yan sandan tarayya na RCMP ke bayarwa. Za ka fara da kwas na kiyaye haɗarin bindiga, da jarrabawar rubutu da ta gwaji a aikace, kowacce sai ka ci kashi 80 cikin 100. Za ka kawo mutum biyu da suka san ka aƙalla shekara uku su tsaya maka, abin da ke da wuya ga baƙo, kuma shi ya sa na fahimci amfanin zama da mutane lafiya a masallaci da wurin aiki. Uwargida ma akwai gurbin sa hannunta a takardar, don hukuma na so ta tabbata tana sane. Wanda bai cika shekara biyar a ƙasar ba ana neman takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sandan inda ya fito. Bayan duk wannan akwai jiran da ba ya gaza kwana 28, lasisin kuma shekara biyar yake yi. Wannan na bindiga ne kawai. Farautar kanta tana da nata kwas ɗin na lardi, da lambar rajistar mafarauci, da tikitin kowace dabba daban.

Da lasisi ya fito sai shawarwari suka yi min rubdugu. Kuɗina na bindiga ɗaya ne, kuma ina son wadda za ta yi min aikin barewa mai farin bindi a yanzu, ta kuma kai ga elk da muus, manyan dabbobi dangin barewa, nan gaba. Muus dabba ce da namijinta kan kai kilo 500, don haka samarin wurin aikinmu suka dage cewa sai bindiga mai babban harsashin da ake kira .300 Winchester Magnum, wai ita ce ba ta barin bashi. Wani dattijo da ke kula da sashenmu, wanda ya yi farauta tun yana yaro a gonar mahaifinsa, bai sa baki a musun ba. Ya dai ce in same shi a filin atisayen harbi ranar Asabar.

Ya zo da bindigogi uku. Ya fara ba ni ta magnum ɗin. Da na ja kunama sai gindinta ya dake ni a kafaɗa har haƙorana suka haɗu, ƙararta kuma ta ratsa abin toshe kunnen da na sa. Na sake harbawa. Sai ya karɓa, ya juya min baya kamar yana ɗura wani harsashi, ya miƙo min. Na yi saiti, na ja kunama, sai na ji ƙyas, ashe babu komai a ciki. Amma bakin bindigar ya dulmiya ƙasa, idanuna kuma a runtse suke. Ya ce, "Ka gani? Jikinka ya fara gudun dukan tun kafin ya zo. A kan takardar saiti wannan kuskuren ɗan yatsa ne. A kan dabba, harsashi ne a tumbi." Daga nan ya ba ni tasa mai harsashin .308, tsohuwa wadda fentin katakonta ya goge a wurin riƙo. Ita ma tana duka, amma dukan da mutum zai jure idonsa a buɗe, ya ga inda harsashinsa ya sauka.

Maganarsa ta harsashi a tumbi ita ta yanke min hukunci, domin ta taɓa abin da aka koya mana tun muna makarantar allo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba. Barewar da aka sama a huhu da zuciya 'yan taku kaɗan take yi ta faɗi. Wadda aka sama a ciki kuwa tana iya shiga kurmi ta kwana tana shan azaba, kyarkeci ya cinye ta, kai kuma ka koma gida da alhaki. Ni a ganina duk wanda ya sayi bindigar da ta fi ƙarfin kafaɗarsa don a ce yana da babba, dabbar ya zalunta.

Sauran muhawarar tsakanin harsasai 'yan uwan juna ce. Harsashin .30-06 tun 1906 yake aiki, sojojin Amurka suka fara da shi, kuma babu dabbar wannan yanki da bai kayar ba. Na .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, yana tafiya a miƙe, masu farautar fili na son sa. Na 6.5 Creedmoor na 2007 shi ne abin yayi, dukansa da sauƙi ƙwarai, sai dai tsofaffin mafarauta da dama suna ganin ya yi wa muus sirantaka. Na tsaya a kan .308 Winchester na 1952 saboda ƙarfinsa bai yi nisa da na .30-06 ba a tazarar da zan iya harbi da gaskiya, wato mita 200 zuwa ƙasa, kuma kusan duk kantin kayan farauta a ƙaramin gari yana da shi, da farashin da zai bar ni in riƙa atisaye. Mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) na barewa, mai 180 na manyan, bindiga ɗaya.

Na ɗauki mai sakata, wadda kake ja da hannu ka ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya, don ba ta da tarkacen da zai lalace. Na gwada Savage Axis da Ruger American, masu sauƙin kuɗi kuma masu kyau, amma Tikka T3x ta ƙasar Finland ce ta zauna min a kafaɗa. Dakarun sa-kai na Canadian Rangers da ke sintiri a ƙanƙarar arewa, da suka ajiye tsohuwar Lee-Enfield mai harsashin .303, wadda aka gina kan samfurin Tikka suka koma, ita ma .308, kuma wannan ya ƙara min natsuwa. Dattijon ya sa na je kantin sanye da rigar sanyin da zan shiga daji da ita, domin kaurin riga na canza yadda gindin bindiga ke zama da nisan ido daga madubin saiti. Madubin ma ya hana ni yin rowa a kansa, na sa mai ƙara girma sau 3 zuwa 9. Ya kuma kwance sakatar a gabana ya goge man da ke ciki tas, ya ce in sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 25, mai kan daskare ya riƙe allurar da ke dukan harsashi, ka ja kunama ba ta tashi ba.

Barewata ta farko a gonar wani manomi na same ta, gabas da gari, bayan na nemi izininsa kamar yadda doka ta tanada. Hantsi bai ɗaga ba, tana kiwo a gefen itatuwa. Na jira har ta ba ni haƙarƙari, na yi Bismillahi Allahu Akbar kamar yadda limaminmu ya karantar da ni, na ja. Na iske ta da sauran motsi, na fuskantar da ita alƙibla na yanka. Na kai kanta wurin gwajin cutar ƙwaƙwalwar barewa da ake fama da ita a gabashin lardin, ba mu taɓa naman ba sai da sakamako ya fito lafiya. Doka ta hana sayar da naman daji, ta kuma hana barin sa ya lalace, don haka uwargida ta yi dambun nama da farfesu, muka aika wa maƙwabta da manomin cinya guda.

Tikitin muus a yawancin yankuna ta hanyar ƙuri'a ake samu, kuma duk shekarar da ba ka dace ba ana ƙara maka maki ɗaya. Na shiga layi. Kafin nawa ya zo, ina zuwa filin atisaye da harsashi mai giren 180, ina koyon harbi a durƙushe da kuma a kan sanda, tunda babu teburi a daji.