Gasar golf ta taimako: inda kuɗin yake shiga da inda yake zurarewa

Sana'armu shirya ƙananan gasannin ƙwallon lambu ce, wato golf, don tara wa gidan marayu ko asibiti kuɗi. Yini ɗaya ake yi. Fili mai rami 18, in ka tsayar da mutum huɗu a kowane rami, ya ɗauki 72. Ana iya sa tawaga biyu a rami a kai 144, amma wasan zai wuce awa biyar, mutane su gaji su tafi kafin a zauna cin abinci. Zaman nan kuwa shi ne kasuwar, don a kan abinci ake gwanjo da alƙawarin gudummawa. Shi ya sa muke fara kowa lokaci guda, kowace tawaga a raminta, su gama tare.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne duk huɗun su buga, a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau, kowa ya sake bugawa daga wurin. Ɗan kasuwar da bai fi wata uku da riƙe sanda ba ba zai ji kunya ba, kuma sau da yawa shi ne mai bayarwa da hannu biyu.

Kuɗin shiga da ƙyar yake biyan hayar fili, abinci, ruwa da masu ɗaukar jaka. Ribar tana wajen kamfanonin da ke sayen rami a kafa allonsu, da tikitin sake bugu idan ƙwallo ta ɓace, da gasar wanda ƙwallonsa ta fi kusantar tutar da ke kan rami. In za a sa kyautar mota ga wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya, a sayi inshora tukuna, a ajiye shaida a ramin. Ba a yin wannan da baki.

Abin da ke kashe ƙaramar gasa shi ne kwaikwayon ƙwararru. Su nasu kuɗin daga talabijin da manyan masu talla yake fitowa. LIV Golf, gasar ƙwararru da asusun zuba jarin Saudiyya ya ɗauki nauyinta, ta fara a 2022 da kyautar dala miliyan 25 a gasa guda. PGA Tour, ƙungiyar da ke shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ta mayar da martani da gasanni masu dala miliyan 20, sannan a Janairun 2024 ta karɓi jarin dala biliyan 1.5. Gaskiya ne gasanninta na ba da sadaka mai yawa, amma sai an biya 'yan wasa da sauran hidima, abin da ya rage ake bayarwa. Mu kuwa sadakar ce dalilin taron. Duk da haka sai ka ga kwamiti ya nace a gayyato ƙwararren ɗan wasa a biya shi, a ɗinka riguna masu tsada, a sa babbar kyautar kuɗi. Kuɗin marayu ne ke tafiya a nan. Kofi da takardar yabo sun isa.

A rubuta yarjejeniya da kulob ɗin da ke da filin tun wata uku kafin ranar: adadin 'yan wasa, ranar ƙarshe ta canza shi, da abin da zai faru in ruwa ya hana wasa. A Kaduna, Jos ko Abuja, sa gasa a Agusta ba tare da ranar madadi ba ganganci ne. Masu talla su biya kafin a buga allo, domin bayan taro bin bashinsu yana da wuya. Cikin mako biyu a aika wa kowannensu lissafin abin da aka tara, abin da aka kashe, da rasidin wanda ya karɓa.