Wasiƙa daga Alaska, inda na yi sallah ina kallon arewa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ina fata kowa lafiya, ya damina ya kuma tsadar kaya. Tunda na sa hotunan nan a waya ake ta tambayata wai ina ne nan, wasu har cewa suke haɗawa na yi da kwamfuta, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta muku gaba ɗaya in huta da amsa ɗaya-ɗaya.

Alaska ne. Jiha ce ta Amurka amma can sama take a ƙurya, Kanada ta raba ta da sauran ƙasar, a hannun Rasha ma Amurka ta saye ta a 1867 kan dala miliyan 7.2. Ni da nake zaune a Minesota shekara da shekaru ina ganin na gama sanin ƙanƙara, har da alfahari nake shi yasa da abokin aikina ya ce mu shiga irin tafiyar nan ta mota da ɗan jagora, mu goma sha biyu a ƙaramar bas kwana goma, sai da na yi gardama. Na ce ni da nake tuƙa Kano zuwa Legas a da wa zai nuna min hanya, mu ɗauki hayar mota kawai. Allah ya taimake ni bai saurare ni ba.

Daren farko a Ankorej na fara gane ba garinmu ba ne. Ƙarshen watan Yuni ne, rana tana yin sama da awa 19 a sama, ƙarfe sha ɗaya na dare yara na wasan ƙwallo a waje kuma haske tas kamar la'asar sakaliya. Na zauna ina jiran magariba har barci ya fara ɗaukata. Sannan na buɗe waya in duba alƙibla sai kibiyar ta nuna min arewa, har da ɗan karkata yamma kaɗan. Na girgiza wayar na kashe na kunna, nan dai ta tsaya. Ku da kuka san tun muna yara ake cewa a fuskanci gabas, har kalmar ta zame mana alƙibla, to a can hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya take bi. Haka na tayar da sallah ina kallon arewa zuciyata na min wasu-wasi.

Washegari muka kama hanyar Suwad, wajen mil 125, dutse a hagu teku a dama. Mai jagoranmu wata dattijuwa ce, ita ce direba ita ce mai bayani, wlh ba ta gajiya da magana. A bakin wani ruwa da ake kira Turnagain ruwan ya janye ya bar fili fetal kamar bakin kogi da rani, ni har na fara sauka in ɗau hoto sai ta daka min tsawa irin wadda rabona da ji tun ina makarantar allo. Wai laka ce mai riƙe ƙafa, in ta kama ka ba ka fita sai ruwan ya dawo ya same ka a ciki, kuma ta ci mutane. Gaba kaɗan ta nuna mana wasu busassun bishiyoyi farare a tsaye, ta ce tun girgizar ƙasar 27 ga Maris 1964 suke nan, mai ƙarfin 9.2, ƙasa ta nutse ruwan gishiri ya shiga saiwarsu ya kashe su amma bai bari sun ruɓe ba.

Yanzu kan abin da kuke ta tambaya, farin abin nan da ke gangarowa tsakanin duwatsu. Ni kogin ƙanƙara nake ce masa don gaskiya kogi ne, tafiya yake sai dai a hankali ido ba ya gani. Dusar ƙanƙara ce take zuba shekara kan shekara ba ta narkewa duka, ta sama na danne ta ƙasa har ta koma tauri kamar dutse, nauyinta kuma ya riƙa turo ta gangare. Na kusa da Suwad sunansa Exit, a gandun Kenai Fjords, daga wani makeken fili na ƙanƙara mai suna Harding yake saukowa. Abin da ya tsaya min a rai ba shi kansa ba ne, alluna ne ƙanana da aka kakkafa a gefen hanya da shekaru a jiki. Tun muna cikin mota a tsakiyar kurmi muka ga allo an rubuta 1815, ta ce nan bakinsa yake a lokacin. Muka ci gaba, aka ajiye mota muka kama tafiyar ƙafa, muka wuce 1917, 1951, muka wuce 2005, muka wuce 2010, har yanzu ƙanƙarar na can nesa sai duwatsu tsirara da ruwa mai launin toka na gudu. Matar nan ta ce lokacin da ta fara kawo baƙi da hannu suke taɓa shi daga inda muke tsaye. Ba wanda ya ce uffan a cikinmu, har wani ɗan Indiya da bakinsa ba ya shiru.

Witiya kam dariya ta ba ni. Ta cikin dutse ake shiga garin, rami mil biyu da rabi layi ɗaya tak, kuma mota da jirgin ƙasa ke rabawa, ana buɗe wa masu shiga a rufe a buɗe wa masu fita, in ka makara sai ka jira. Kuma kusan duk mutanen garin a bene ɗaya mai hawa 14 suke zaune. Daga nan aka ɗora bas ɗinmu a jirgin ruwa zuwa Baldiz, inda bututun mai da ya taho mil 800 daga arewa yake ƙarewa, nan kusa ne ma jirgin Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a 1989. Ban daɗe a saman jirgin ba, sanyi da hajijiya suka koro ni ciki.

Inda na haƙura da girman kaina gaba ɗaya shi ne hanyar Makati, wani ɗan ƙauye a cikin gandun dajin Wrangell-St. Elias. Gandun Wrangell-St. Elias shi ne mafi girma a Amurka, eka miliyan 13.2, wato ya fi jihar Kaduna faɗi, amma hanyoyin mota biyu ne kacal suka shiga cikinsa kuma duk ba kwalta. Wadda muka bi mil 60 ce daga Chitina, a kan tsohon layin dogo aka yi ta, ba gidan mai, waya ba sabis, ga wata gada ta 1910 a kan kogin Kuskulana mai faɗin mota ɗaya, in ka leƙa ƙasa ƙafa 238, ni dai salati nake har muka haye. Can wajen tsakiya taya ta fashe, tsohon ƙusan dogo ne ya huda ta. Ni da na ce mu yi hayar mota da taya ɗaya a but. Dattijuwar nan ta sauko, tayoyi biyu ne da ita a baya, ta miƙa min gwangwanin feshin barkono na korar beyar ta ce in tsaya ina kallon daji ina magana da ƙarfi, don dabbar ba ta son a zo mata ba zato. Ban san me zan ce ba sai na kama karanta Ƙulhuwallahu da ƙarfi, ga sauro kamar na Maiduguri da damina amma manya, suna huda riga.

A ƙarshen hanyar mota ba ta shiga, gadar ƙafa ake hayewa. Sama kaɗan akwai Kenekot, tsohon garin haƙar tagulla da aka watse aka bari a 1938, jajayen gine-gine na katako manne a jikin dutse. Daga nan aka ɗaura mana ƙarafa masu haƙora a takalmi muka hau kan kogin ƙanƙarar Root. Aka ce kowa ya taka daidai inda jagora ya taka, don akwai ramuka da ruwa ke zubawa ciki ba a ganin ƙarshensu. Ƙanƙarar daga ciki shuɗiya ce shar kamar an turo ta daga marinar Ƙofar Mata. Na tsuguna na sha ruwan da hannu, haƙorana sai da suka yi ƙara.

Denali kuma, dutsen da ya fi kowane tsawo a Amurka ta Arewa, ƙafa 20,310, kwana biyu muna gindinsa gajimare ya hana mu ganinsa, ashe yawancin baƙi haka suke komawa. Hanyar cikin gandun da dutsen yake ma mil 92 ce amma lokacin da muka je a mil 43 ake juyowa, tun 2021 zaftarewar ƙasa ta yanke ta, ƙanƙarar da ke riƙe da ƙasar daga ciki ce ta fara saki. Amma mun ga beyar da 'ya'yanta biyu daga taga, da mus, wata dabba kamar gwanki sai dai ta fi doki tsawo.

Ga duk wanda Allah ya kai shi, kifi za ka ci ka more, samon ɗin can ba irin na kanti ba ne. Amma tsiran nan nasu na naman barewa da ake sayarwa a bakin titi ka tambaya tukuna, yawanci ana haɗa shi da alade. Kuɗin tafiyar kuma kar wanda ya tambaye ni, har yanzu ina biya.

Ku gaida min su Hajiya da yara duka. Wanda zai taho kafin sallah ya riƙo min kuka da yaji, banda kilishi don Allah, a filin jirgi za su ƙwace.