Daren da ruwan farko ya juye mini tafki

Har yau in na ji ƙamshin ƙasa na ruwan farko sai gabana ya faɗi. Zurfi ne ya cuce ni, kuma ni na biya kuɗin haƙa shi.

Da zan yi tafkin kifi a gonata ta wajen Rigachikun, na sa mai katafila ya nitsa har mita 3 a tsakiya. A lissafina, ruwa mai yawa kifi mai yawa. Na zuba karfasa da tarwada, ina watsa kashin kaji don ruwan ya yi kore. Ya kuwa yi kore shar, in na tsoma hannu tafina kan ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu. Ni ina ta murna.

Ashe tafki hawa-hawa ne. Gefe, inda bado da kainuwa suke, can kwaɗi da dodon koɗi da 'ya'yan kifi ke fakewa. A tsakiya kuma, iya inda hasken rana ke ratsawa ne gansakuka ke samar da oksijin, wato iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Can ƙasa duhu ne da taɓo, ragowar abinci da kashin kaji na ruɓewa suna cinye ɗan oksijin ɗin da ya rage. A zafin Maris da Afrilu ruwan sama kan ɗumama ya zauna a kan mai sanyi, ba sa gauraya. Wato mita 3 ɗin da nake taƙama da ita, rabinta kabari ne.

Ruwan farko ya sauko da dare, da iska mai ƙarfi. Saman ya huce ya nitse, na ƙasa ya taso. Bayan sallar asuba na tarar da karfasa sun cika saman ruwa, baki a buɗe, ruwan ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin hantsi sun juya ciki sama. Tarwada kaɗai suka tsira, su da ma suna iya shaƙar iska.

Sai na ɗora wa maƙwabcina, na ce guba ya zuba. Wani dattijon masunci da ya daɗe yana su a madatsar Kangimi ya zo, ya caka gora a tsakiya, ya zaro ya shinshina taɓon.

"Ɗana, babu mai guba. Ruwanka ne ya juya. Wa ya ce maka kifi na son rijiya?"

"Baba, ai na ɗauka zurfin zai kare su daga zafi."

Bai ma amsa ba.

Na cike tsakiyar ta dawo mita ɗaya da rabi, wani kuɗin kuma. Da Afrilu ya kama nake daina kashin kaji, hadari na haɗuwa kuma in kwana da injin ban ruwa a bakin tafki, yana feso ruwa sama. Maƙwabcin nan na je har gida na ba shi haƙuri, amma har yau gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana".