Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Dangin Karfasa a Gilashi

Jama'a assalamu alaikum, wancan makon mun tsaya inda na koma Legas wajen Yaya. To a can harkar kifin ado ta shige ni, kuma har gobe maganar Kawu ba ta bar raina ba, wai jikan Sarkawa guda ya koma sayen karfasa da kuɗi yana ciyar da ita a gilashi. A gaban mutane fa ya faɗa, ranar sunan ɗan Yaya.

Dangin karfasa ne, ban musa ba, siklid ake ce musu. Amma ai shi Kawu bai taɓa zama ya kalle su ba. Mu a Yawuri Kaka kan buɗe bakin uwar karfasa da ɗan yatsa ya nuna mana ƙwai cike a ciki sannan ya sake ta cikin ruwa, shi ya sa ranar da na ga 'yar rawayar siklid ɗina ta tafkin Malawi ta daina cin abinci maƙoshinta ya kumbura ban tayar da hankali ba, na san goyo take a baki, kusan mako 3 suke yi a haka.

Wani mai shago ya taɓa haɗa ni da rawaya biyu wai iri ɗaya ne, wallahi ba ɗaya ba ne. Ɗayar, wadda ake ce wa Labidochromis, tana da baƙin layi a ƙayar bayanta kuma ba ta cika faɗa ba, ɗayan kuwa namijin wani iri ne da ake ce wa kenyi, in ka matso da fitila za ka ga zane-zane a tsaye a jikinsa dishi-dishi, shuɗi yake tun yana ƙarami sai ya girma ya rine. Cikin dare ya yayyage mata wutsiya. Na koma na nuna wa mutumin, ya ce ni ɗan Arewa me na sani a kifi. Ni da aka haifa a bakin Kwara!

Shi ne dai ya ce min kribensis, wani irin siklid ɗin da nake kiwo, daga Turai take, alhali kifin Neja Delta ce da bakin tekun Kamaru. Macen gajera ce cikinta ja wur, namijin ya fi tsawo wutsiyarsa da ɗan tsini, su ba sa goyo a baki, ɓawon kwakwa na kife musu suka yi ƙwai a ciki. Na so Kawu ya ga 'ya'yan nan suna bin uwarsu, Allah bai nufa ba, Allah ya jiƙansa. Mako mai zuwa sai labarin aurena da yadda tankin ya fashe a hanyar Kontagora.